Ciwon Gidan Hajja

Ibadan, 9 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Badi'a,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baban Muhsin da surukarki Hajiya Sa'a da duk mutanen Gammo. Ya zafi? Ya makaranta da 'yan ajinki masu majina? Ya Muhsin, haƙorin ya fito ko har yanzu da dasashi yake cizon ki? In kin leƙa Madadi ki durƙusa ki gaishe min da babanki Kawu Hammadu.

Na san za ki ce me ya samu wayata da na koma takarda kamar muna makarantar kwana. Wayar lafiyarta ƙalau. Sau uku ina kiran ki da niyyar in faɗa miki, sai in ji tsakar gidanku kaf ta taru a kanki, kowa na jiran a miƙa masa mu gaisa, sai in ɓige da tambayar ko hadari ya fara haɗuwa. Shi ya sa na ba Mijinyawa direba takardar nan, tunda duk bayan sati biyu yana sauke hatsin Gwarzo a nan. Zai ajiye miki a shagon ɗinkin Baban Muhsin a Kabo.

Badi'a, ciwon Inna ya same ni. Wata biyu da suka wuce na ji ƙullutu a maman dama. Na je babban asibiti, suka yi hoto, suka ɗebi ɗan nama da allura suka kai gwaji. Ranar Litinin likita ya zaunar da ni da Baban Murja ya ce daji ne. Ban yi kuka a gabansa ba. Tunani kawai nake: ya ɗauki Hajja kakarmu, ya ɗauki Inna tana da shekara talatin da takwas, ga ni da talatin da ɗaya. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ke kaɗai na iya faɗa wa haka.

Likita ya ce akwai magani, kuma ban makara irin ta Inna ba. Za a fara min kemo, wato maganin da ake ƙarawa ta jijiya, daga baya a yi aiki. Amma dole in daina shayarwa kafin a fara. Murja watanta huɗu. Mun gwada madarar gwangwani, in ta sha sai gudawa, har ta fara ramewa.

To ga roƙona. Muhsin watansa bakwai, kuma na san Allah Ya yi miki ruwan nono. Ki karɓi Murja ki haɗa su. Na san abin da hakan zai jawo: ranar da ta kama nononki ta zama ƙanwar Muhsin, auren da muka ƙulla musu tun suna ciki ya tashi ke nan. Ki yi shawara da maigidan. In ya yarda, Baban Murja zai kawo ta da kansa.

Taki,
Zinnira

*

Gammo, 3 ga Mayu

Zuwa ga 'yar mace, daga uwargijiyarta 'yar namiji,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Allah Ya sa kaffara ce, Ya tashi kafaɗunki. Mu nan duk lafiya, in ban da gwiwar Hajiya Sa'a da ke tashi duk sanda aka ce ga aiki. An yi ruwan farko daren Juma'a, amma bai kai na shuka ba.

Takardarki a bayan aji na karanta ta, a gindin darbejiya. Na yi kukana na share fuska, na koma na tarar 'yan aji uku sun kaure da dambe. Hankalina ya tashi matuƙa, ba zan ɓoye miki ba. Amma wai har sai kin roƙe ni? Shekara nawa muna kwana a tabarma ɗaya bayan rasuwar innarki Gwaggo Marka, kina ja min zane kina cewa sanyi kike ji? Don dai ba ki da lafiya ne, da sai na ci tararki.

Ranar Laraba maigidanki Malam Badamasi ya kawo Murja, shi da ƙanwarsa. Da farko ƙin ni ta yi. Ta dube ni sheƙeƙe da idanun nan naki na raini, ta kau da kai. Zuwa la'asar yunwa ta sauke mata girman kan. Yanzu kam in ta kama sai an ɓanɓare ta. Muhsin kuwa kishi kamar ya mutu, yana shan nasa yana kai mata shuri. Baban Muhsin ya kira liman aka rubuta a takarda da shaidu biyu, don kada nan da shekara ashirin a manta a ɗaura musu aure. Na yi asarar suruka, amma na samu 'ya, kuma ta fi ki kyau.

Ga wata magana da za ta sanyaya miki rai. Hajiya Sa'a ta zaunar da ni ta ce, "Ke Badi'a, ciwon gidan Hajja ai a nono ake shan sa. Hajja ta ba Marka, Marka ta ba Zinnira. Ke kuwa 'yar namiji ce, nonon uwarki kika sha, mutuniyar Kutama, danginsu ko ciwon kai bai dame su ba. Ki ba yarinyar nan ta sha ta ƙoshi, naki zai wanke wanda ta riga ta sha." Tun ranar take ɗura min kunun kanwa safe da yamma. Kin ga ashe zamana 'yar namiji da nake yi miki gori da shi ya yi rana. Ki bar min Murja, ki ji da kanki.

Baba ya zo daga Madadi a kan kekensa da ƙwaryar man shanu. Kin san halinsa da ni, kunyar 'yar fari: shekara talatin bai taɓa kama sunana ba, ko haɗa ido ba ma yi. A zaure ya tsaya, ina bayan ƙofa ina jin sa yana ce wa Baban Muhsin, "A ce wa waccan ta riƙe amana." Da aka miƙa masa Murja ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce goshin Marka ne. Daga nan ya hau kekensa ya tafi.

Ni dai garau nake, in ban da maman hagu da ya yi ɗan tauri ta gefe. Ruwan nono ne ya kwanta, don 'yan biyun nan kowa da ɓangaren da ya fi so. Ina gasa shi da ruwan zafi.

Ki ci abinci ko ba kya so.

Uwargijiyarki,
Badi'a

*

Ibadan, 21 ga Yuni

Badi'a 'yar'uwata,

Sallama da gaisuwa. Ya ɗawainiya? Ya shuka, ta yi kyau? Ki gaishe da Baban Muhsin da Hajiya, ki yi musu godiya. Takardarki ta ba ni dariya ranar da ko ruwa ba ya zama a cikina. Na karanta wajen da kika ce ta dube ki sheƙeƙe ya fi sau goma.

An yi min kemo sau uku. Kwana huɗu bayan kowanne ba na moruwa, daga nan sai in ɗan dawo mutum. Gashin nan da kike cewa da shi kaɗai na fi ki ya zube tas. Ashe ɗankwali ba ya zama a kan da babu gashi, zamewa yake yi. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ta saƙa min hula mai laushi, ita nake sawa a ƙarƙashi.

Yanzu ki natsu ki karanta abin da ke tafe. An haɗa ni da wata likita wadda aikinta bin diddigin cututtukan gado. Ta ɗauko takarda tana zana danginmu, mace da'ira, namiji ɗan akwati. Na jero mata Hajja, Inna, ni, Murja. Ta ce, "Mahaifiyarki ba ta da ɗan'uwa namiji?" Na ce akwai Kawu, amma shi ai namiji ne. Sai ta ajiye biron ta dube ni.

Ta ce abin a jini yake, a ƙwayar halittar da ɗa ke gada wajen uwa da uba. Sun gwada jinina ta wani shirin bincike da suke yi, an kuwa same shi. Ta ce duk ɗan da Hajja ta haifa, mace ko namiji, ko dai ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne. Namiji yana iya ɗauka ya tsufa lafiya, ya miƙa wa 'ya'yansa mata bai sani ba. Ba duk wadda ta gada ce take kamuwa ba, amma ana so a fara duba ta tun da ƙuruciya, a riƙa yin hoto a kai a kai, don in abu ya ɓullo a tare shi yana ƙarami. Murja sai ta girma ta zaɓa da kanta za a gwada ta.

Don haka maganar Hajiya ba haka take ba. Nono ba ya ɗauke da ciwon nan. Nawa bai cuci Murja ba, naki kuma ba zai wanke mata komai ba. Ke 'yar Kawu ce, jinin Hajja na jikinki kamar yadda yake a nawa.

Taurin da kika ce kina gasawa, yaushe ya fara? Ya saki? Na faɗa wa likitar, ta ce yawanci a mai shayarwa ruwan nono ne, amma wanda ya wuce sati biyu bai saki ba, ballantana a gida irin namu, a duba shi. Don Allah ki je Kano. In hidimar yara biyu ce za ta hana ki, Baban Murja ya ce ƙanwarsa za ta iya zuwa ta karɓe ta, tunda yanzu ta isa shan kunu.

Ina jiran amsarki ta hannun Mijinyawa.

Zinnira

*

Gammo, 6 ga Yuli

Zinnira,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, yara lafiya. Allah Ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta iso, na kuma gane. Wata biyu da 'yan kwanaki ina raba jikina tsakanin ɗana da 'yarki, ban taɓa jin nauyi ba sai ranar da na karanta cewa nonona ba ya wanke komai, har an tanadi mai zuwa ta karɓe ta. In kin ga hannuna bai yi miki ba, ai ba sai an bi ta bakin likita ba. 'Yarki ce. Ki aiko duk ranar da kika ga dama, za ki same ta da ƙibarta.

Maganar Baba kuma, bawan Allah yana can yana fama da shanunsa da gonarsa, shekara sittin da biyar ko allura ba a taɓa yi masa ba. A bar shi haka, kada a ɗora masa abin da bai ji ba bai gani ba.

Jikina lafiya lau. Damina ce, ga makaranta ga gona, ba ni da lokacin zuwa Kano.

Badi'atu Hammadu

*

Ibadan, 10 ga Agusta

Taubashiyata,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. Ina gaishe da Muhsin da ƙanwarsa. Motar Mijinyawa ta lalace a Mokwa, takardarki ta yi sati uku a aljihunsa kafin ta iso. Duk tsawon lokacin ina mamakin me ya sa in na kira sai ki ɗauka ki kara wa Murja a kunne, in yi ta jin numfashinta har ki kashe. Da na ga kin sa hannu da cikakken sunanki kamar takardar neman aiki, sai na gane girman laifina.

Na koma na tuna abin da na rubuta. Kaina na juyawa na rubuta shi, na jero miki magana kamar mai karanta takardar magani. Ki yafe min. Wallahi ban taɓa tunanin raba ki da Murja ba. Nononki ne ya raya ta lokacin da nawa ya zama ba na sha ba, kuma ko na warke gobe, uwa biyu gare ta har abada. Maganar ƙanwar Baban Murja na janye ta, kada ma ki ƙara tunawa.

Amma ɗayar maganar ba zan janye ba. Kin tuna shekarar da Inna ta kwanta? Mu biyu muke wanke mata tsummokaran da take ɗaurawa, mu shanya a bayan rumbu don kada a gani. Ta yi shekara guda tana cewa maruru ne, tana shafa ganye tana turara ɗaki. Ke kika fara gane cewa turaren ba don ƙamshi take sa shi ba. Kina da shekara goma sha biyu kika ce min, "In na girma ba zan ɓoye ciwo ba." Ni ban manta ba.

Na gama kemo, ƙullutun ya ragu sosai. Ƙarshen watan nan za a yi aikin. Tunda an tabbatar gado ne, an ba ni zaɓi, ko a cire ɗaya a riƙa sa ido a kan ɗayan, ko a cire duka biyun. Na yi istihara, na yi shawara da Baban Murja, na zaɓi duka. Ya ce shi dai ni yake so a gidan. Ina jin baƙin cikin abin, wani lokacin in tsaya gaban madubi in kasa matsawa. Amma ina so in ga ranar da Murja za ta yi miki rashin kunya.

Ban tambaye ki komai ba sai abu ɗaya: taurin ya saki? Ko kalma ɗaya ce ki rubuto.

Baiwarki 'yar mace,
Zinnira

*

Ibadan, 16 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Hammadu, Madadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina durƙushe ina gaishe ka. Ya gida, ya dabbobi, ya damina? Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. 'Yarka Zinnira ce. An yi min aiki sati biyu da suka wuce, an sallame ni, ina samun sauƙi, alhamdu lillahi.

Da ajami na rubuta don kada sai wani ya karanta maka. Ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen, rabona da shi tun allon da ka saya mana.

Kawu, maganar da zan yi ba wadda 'ya ke yi da uba ba ce, amma ba ni da wanda zan kai wa ita sai kai. Likitoci sun gwada jinina sun ce ciwon da ya ɗauki Hajja da Inna a jini yake tafiya, kuma yana bi ta namiji kamar yadda yake bi ta mace. Ba laifin kowa ba ne, haka Allah Ya tsara. Badi'a ta rubuto min tun watan Mayu cewa tana jin tauri a ƙirjinta. Na ce ta je asibiti, ta yi fushi da ni, yau wata biyu ke nan ba ta amsa min takarda. Mai yiwuwa ba komai ba ne. Amma in wani abu ne, kowane wata da ya wuce yana da muhimmanci.

Kai ka kai Inna Kano ranar da aka ce an makara. Ina bayan ƙofa na ji ka a zaure kana cewa da ka sani da wuri, da ko a kafaɗa ne ka kai ta. To Kawu, wannan karon ka sani da wuri.

Na san kunyar da ke tsakaninku. Amma maganar kowa za ta iya turewa ban da taka.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Zinnira

*

Gammo, 2 ga Nuwamba

Zinnira, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Ya jiki, ya wajen ɗinkin? Hannun yana ɗaguwa yanzu? Ki gaishe da Malam Badamasi, ki ce na gode da abin da ya faɗa miki kafin aikin. Nan kowa lafiya, ana ta yankan dawa. Murja ta fara miƙewa tana dafa turmi, Muhsin na bin ta a baya yana ture ta, wai shi yaya.

Ashe ƙarata kika kai. Kuma da ajami, munafuka, don kin san ko ta faɗo hannuna sai na kwana uku ina haɗa baƙi.

Wata Alhamis da sassafe ina shara sai na ji sallamar Baba. Na ɗauka a zaure zai tsaya kamar kullum. Sai ga shi har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ya juya min baya yana fuskantar Baban Muhsin ya ce, "A ce wa waccan ta ɗauko mayafi. Kano za mu." Hajiya Sa'a ta fito tana cewa, "Haba Malam Hammadu, yarinyar da nonon mutanen Kutama ta sha, me zai same ta?" Ya ce, "Hajiya, ko a nono ne ko a jini, ni ma daga cikin Hajja na fito. Ƙanwata a hannuna ta cika. Ba zan ƙara ba." Hajiya ta karɓi Muhsin, ni kuma na goya Murja.

Yanzu bari in faɗa miki gaskiyar da na ɓoye. Taurin nan ya riga Murja zuwa. Tun Muhsin na wata biyar na ji shi, kuma bai taɓa saki ba, duk gashin da na yi masa. Ranar da na karanta takardarki ta farko hannuna can ya fara zuwa. Da Hajiya ta kawo maganarta sai na rungume ta hannu biyu, don in dai nonona magani ne, to ba zai zama shi ne ciwon ba. Ke kuma kika zo kika ƙwace min ita. Na san sarai ba raba ni da Murja kike nufi ba. Fushi da ke ya fi min sauƙi a kan tsoro, shi ya sa na zaɓe shi. Na bar ki kika shiga aiki ba tare da kalma ɗaya daga gare ni ba, wannan kuwa ban san ranar da zan yafe wa kaina ba.

A asibitin, bayan an duba ni, wata nas ta zaunar da mu ta ɗauko takarda ta fara zanen nan naki na da'ira da akwati. Ta ce wa Baba ya faɗi 'ya'yansa daga babba. Ya ce, "Mahbub, Naja'atu." Ta ce, "Mahbub ne babba?" Ya ce a'a. Ta ce, "To wa ne ne?" Ya nuna ni da haɓa yana kallon bango. Yarinya ce 'yar birni, ba ta gane ba, ta ce, "Baba, suna nake so in rubuta." Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ɗaga min hannu. Ya gyara hularsa, sannan ya ce, "Badi'atu." A hankali ya faɗe shi, kamar mai tsoron ya fashe. Na sunkuyar da kai ina gyara goyon da ba abin da ya same shi.

Sau huɗu muna komawa, kuma kowane zuwa yana biye da mu, ya zauna a benci cikin mata da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. An yi hoto, an ɗebi naman da allura. Ranar Talatar da ta wuce sakamako ya fito. Shi ne, Zinnira. Amma likita ya ce bai fi gurjiya girma ba, kuma a hoto ba su ga alamar ya kai hammata ba. Bai yi min alkawarin komai ba, ya dai ce mun zo da sauran lokaci. Nan da sati biyu za a yi aiki, sannan a ga abin da zai biyo baya. Naja'atu ma an ba ta rana. Baba ya miƙa hannu an ɗebi jininsa, allurarsa ta farko a duniya. Likita ya ce masa ko an samu ba laifinsa ba ne, ya ce ya ji.

Na yaye su duka biyun rana ɗaya, don kada wani ya ce an fi son wani. Kwana uku gidan nan ba a ji kunne ba. Washegarin yayen sai ga Baba ya koro saniyarsa mai tatsa tun daga Madadi, ya ɗaure ta a bayan ɗakina. Ana dafa madarar ana dama musu kunu da ita. Hajiya Sa'a ta ce ita za ta riƙe su har in dawo, kuma gwiwar ba ta ƙara tashi ba. In kin samu ƙarfi ki zo ki ga 'yarki, amma kada ki zo da niyyar ɗauka.

Ina jin tsoro, kamar yadda kika faɗa min a takardarki ta farko. Ki rubuto min komai, abin da ake ci ya zauna, da ranar da ta fi wuya. Ki kuma roƙar min maƙwabciyarki ta saƙa min irin hularki, ki ba Mijinyawa. Kaina ya fi naki girma, ki faɗa mata.

Ranar da aka ba mu sakamakon, a mota muka dawo daga Kano. Baba na gaba kusa da direba, ni da Baban Muhsin muna baya. Mun kusa Kabo sai na ga ya juyo gaba ɗaya. Babu nas, babu takarda, ba wanda ya tambaye shi. Ya dube ni cikin ido ya ce, "Badi'atu, kin ci abinci kuwa yau?"

Na ce na ci, Baba. Ƙarya na yi, amma da muka iso gida na ci.

Taki,
Badi'a